Matsayin Majiyyaci a Cikin Horar da Likitoci Masu Neman Ƙwarewa: Waiwaye Kan Tarihinsa a Amurka da Ingila da Kanada

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu koyar da aikin likita a Amurka da Ingila da Kanada, watau yaya za a horar da likita ya riƙa ganin mutumin da ke kwance a gabansa tare da cutar da ta kwantar da shi. Likitocin da muke nufi su ne waɗanda suka riga suka gama makaranta, suka karɓi takardar shaidar zama likita, sa'an nan suka koma wani babban asibiti suna aiki a ƙarƙashin manya na tsawon shekara uku zuwa bakwai, don su ƙware a fanni guda, kamar fiɗa ko cututtukan yara. Su ake kira likitoci masu neman ƙwarewa. A asibitin koyarwa su ne suke karɓar majiyyaci da tsakar dare, su yi masa tambayoyi, su rubuta masa magani, su kwana a kansa. Babban likita kuwa sai da safe yake zuwa zagaye. Saboda haka halin da suka ɗauka a waɗannan shekaru, galibi da shi za su yi aiki har su tsufa.

Ya kamata in faɗa tun da wuri cewa ni ba likita ba ne, aikina koyar da malaman makaranta, kuma da idon malamin makaranta na dubi wannan tarihi. Abin da na gani a ciki shi ne, ra'ayin sa majiyyaci a gaba tsohon ra'ayi ne, an bayyana shi sarai tun 1927, aka kuma yi ta maimaita shi daga tsara zuwa tsara. Abin da ya hana shi kama ƙasa shi ne yadda aka tsara ranar aikin mai neman ƙwarewa, watau yawan majiyyatan da aka ɗora masa da ɗan lokacin da aka bar masa.

Asalin tsarin a Baltimore

Tsarin neman ƙwarewa, a siffar da aka san shi yau, ya samo asali ne daga Asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimore a Amurka, wanda aka buɗe a 1889. Kafin wannan lokaci saurayi yakan zama likita a yawancin makarantun Amurka bayan ya saurari laccoci na 'yan watanni har zango biyu, sau da yawa ba tare da ya taɓa duba majiyyaci da hannunsa ba. Mutum biyu ne suka fi aza harsashin sabon tsari: William Osler, haifaffen Kanada, shugaban sashen cututtukan jiki, da William Halsted, shugaban sashen fiɗa. Dukansu sun yi karatu a Jamus da Ostiriya, sun ga yadda farfesa yake tara mataimaka su zauna tare da shi shekara da shekaru, sai suka kwaikwayi abin suka daidaita shi da ƙasarsu.

Samarin likitocin nan a cikin asibitin suke kwana, a nan suke cin abinci, ba a sa ran su yi aure, albashinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Sunan da Turawa suke kiransu da shi har yau ma'anarsa mazaunin gida, daga nan ya samo asali. A sashen Halsted tsarin kamar dala yake, mutane da yawa a ƙasa, mutum guda a ƙoli, kuma wanda ya kai ƙolin yakan shafe kimanin shekara takwas kafin a sallame shi. An sani yanzu cewa Halsted ya kamu da jarabar koken tun 1884, sa'ad da yake gwada shi a jikinsa don kashe zafin fiɗa, daga baya ya koma kan mofin har ƙarshen ransa. Wasu marubuta sukan danganta tsananin aikin da ya ɗora wa almajiransa da wannan jaraba. Ni dai ina ganin an cika gishiri a nan, domin Osler, wanda ba shi da irin wannan larura, shi ma mazaunan gida ya ajiye.

Babbar gudummawar Osler ita ce fitar da ɗalibi daga ɗakin lacca zuwa bakin gadon majiyyaci, har ya nuna fatan a riƙa tuna shi da wannan aiki fiye da kowane. To, amma a kula da wani abu. Majiyyatan ɗakunan koyarwa galibinsu matalauta ne da ake yi wa magani kyauta, ladan da suke biya shi ne a yi karatu a jikinsu. Majiyyaci yana tsakiyar darasi, amma a matsayin allon da ake karantawa, ba a cika tambayarsa abin da shi yake so ba. Duk da haka akwai wata ni'ima da mazaunan gida na wancan zamani suka samu, wadda masanin tarihin nan Kenneth Ludmerer ya jawo hankali a kanta: lokaci. Mai zazzaɓin taifot yakan yi makonni a kwance, likitan da ya karɓe shi shi zai ga tashin cutar da saukarta, ya san matarsa da sana'arsa ko da bai yi niyya ba. Sanin mutum yana zuwa ne da kansa, saboda zama tare.

A 1910 aka buga rahoton Abraham Flexner, wanda Gidauniyar Carnegie ta sa ya zagaya makarantun likita 155 na Amurka da Kanada. Abin sha'awa gare mu shi ne, Flexner malamin makaranta ne daga birnin Louisville, bai taɓa karatun likita ba. Ya ɗauki Johns Hopkins a matsayin ma'auni, ya nemi a kafa karatun likita a kan kimiyya da ɗakin gwaje-gwaje da asibitin koyarwa. Cikin shekara ashirin kusan rabin makarantun suka rufe ko suka haɗe da wasu, daga cikin makarantu bakwai na baƙar fata kuwa biyu kaɗai suka tsira, watau Howard da Meharry. Gyaran ya yi amfani ƙwarai, babu mai musun haka. Sai dai shi kansa Flexner ya koka a 1925 cewa sabon ilmin likita na Amurka ya yi ƙaranci ta fuskar al'ada da zurfin tunani.

Gargaɗin Peabody

Wanda ya fara bayyana matsalar filla-filla shi ne Francis Peabody, farfesa a Jami'ar Harvard, shugaban wani ɗakin bincike a Asibitin Birnin Boston. Mutumin kimiyya ne na sosai, saboda haka ba za a ce ƙyashin kimiyya ya sa shi magana ba. A 1926 ya yi wa ɗalibansa lacca, aka buga ta a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka a 1927. A lokacin ya san yana ɗauke da ciwon daji wanda ba ya jin magani, ya kuwa rasu a cikin shekarar 1927 ɗin yana da shekara 45. Watau ya yi magana ne a matsayin likita kuma majiyyaci.

Abin da ya ce, a taƙaice, shi ne asibiti yana tuɓe wa mutum mutuntakarsa tun daga ƙofa, a karɓe tufafinsa, a raba shi da gidansa da aikinsa, a koma kiransa da sunan cutarsa da lambar gadonsa. Ya kuma nuna cewa wannan kuskure ne na kimiyya, domin akwai majiyyata da yawa waɗanda za a yi musu kowane irin gwaji a rasa komai, a ce musu lafiyarsu lau, alhali kuwa ciwon na nan, tushensa yana cikin damuwar gida ko ta wurin aiki wadda babu wanda ya tambaya. Ƙarshen maganarsa, cewa kula da majiyyaci ba ya yiwuwa sai likita ya damu da shi a zuci, ya zama abin da ake karanta wa ɗalibai ranar yaye su har gobe. An haddace maganar, amma ba a sake tsarin aiki saboda ita ba.

Abin da ya biyo baya ma sai ya ƙara nisanta likita daga zance. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fenisilin da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yawaita, gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a bincike, fannonin ƙwarewa suka rarrabu. Likita ya sami ikon warkarwa irin wanda magabatansa ba su taɓa mafarki ba, shi kuwa mai iko ba ya cika neman shawara. Misali guda ya isa. A 1961 Donald Oken ya tambayi likitoci 219 a wani asibiti a Chicago, kashi 90 cikin ɗari suka ce sun fi son kada su gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa. Da aka maimaita tambayar a 1979, kashi 97 cikin ɗari suka ce za su faɗa. Tsakanin shekarun nan goma sha takwas abubuwa sun faru waɗanda suka girgiza amanar jama'a. A 1966 Henry Beecher ya fallasa bincike 22 da aka yi a jikin mutane ba bisa ƙa'ida ba. A 1972 asirin binciken Tuskegee ya tonu, inda aka bar ɗaruruwan baƙar fata masu ciwon tunjere ba magani har shekara arba'in don a ga yadda cutar take ci. A 1973 Ƙungiyar Asibitocin Amurka ta fitar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci. Ke nan sauyin bai taso daga ɗakin koyarwa kaɗai ba, jama'a ne suka tilasta shi.

Yadda ra'ayin ya sami suna da hanya

Sunan abin daga Landan ya fito. Michael Balint, ɗan ƙasar Hangari, likita ne mai nazarin halayyar ɗan Adam, ya yi hijira zuwa Ingila a 1939. Bayan an kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, likitocin unguwa suka sami kansu cike da majiyyata masu zuwa kullum da koke-koken da ba su cikin littafi. Tun daga 1950 Balint da matarsa Enid suka riƙa tara irin waɗannan likitoci a Asibitin Tavistock, ƙungiya ƙarama, mako-mako, kowa ya kawo labarin majiyyacin da ya gagare shi, a tattauna abin da ke gudana tsakanin su biyun. A littafinsa na 1957 Balint ya kawo ra'ayin cewa maganin da aka fi sha a ɗakin likita shi ne likitan kansa, amma babu wanda ya nazarci adadin da ya kamata a sha ko illar da yake haifarwa. A 1969 Enid Balint ta buga maƙala inda ta bambanta aikin likita mai sa cuta a gaba da mai sa majiyyaci a gaba. Malaman makaranta za su ji ƙanshin wani abu da suka sani a nan, domin a 1951 Carl Rogers ya riga ya kawo irin wannan lafazi a fagen ba da shawara, kafin shi kuma John Dewey da mabiyansa sun daɗe suna kiran a sa yaro a tsakiyar darasi.

A Amurka kuwa George Engel na Jami'ar Rochester ya buga maƙala a mujallar Science a 1977, yana cewa ba za a fahimci cuta ba sai an haɗa jiki da zuciya da zaman jama'a. A 1980 ya kawo misalin da ya dace da maganarmu ƙwarai. Wani mutum mai shekara 55 aka kawo asibiti da bugun zuciya karo na biyu. Ya sami natsuwa, sai samarin likitoci suka zo neman jini daga jijiyarsa mai harbawa. Suka yi ta soka allura suna kuskurewa na tsawon mintoci, ba su yi masa bayani ba, sa'an nan suka fita neman taimako suka bar shi. Mutumin, wanda a rayuwarsa ya saba riƙe ragamar al'amuransa, ya cika da zafi da fushi da jin ba shi da ta yi, nan take bugawar zuciyarsa ta rikice, da kyar aka ceto shi. Likitocin suka ɗauka sa'a ce aka yi abin ya faru a asibiti. Engel ya nuna cewa mai yiwuwa ne su suka jawo shi, kuma da sun dubi fuskarsa da sun dakata.

Sai dai faɗin ra'ayi daban, koyar da shi daban. Malami ba ya iya shiga aji ya ce wa ɗalibai su zama masu tausayi, ya fita. Dole a mai da abin matakai waɗanda za a nuna, a gwada, a gyara. Wannan aiki an yi shi ne a Jami'ar Western Ontario ta Kanada, inda Ian McWhinney, tsohon likitan unguwa daga Ingila, ya zama farfesan likitancin iyali na farko a ƙasar a 1968. A farkon shekarun 1980 wani likita daga Afirka ta Kudu, Joseph Levenstein, ya zo musu baƙunci. An taɓa tambayarsa yadda yake sanin abin da zai yi da kowane majiyyaci, ya rasa amsa, sai ya koma yana ɗaukar ganawarsa da majiyyata a kaset yana saurare, har ya gane cewa ganawar da ta yi kyau ita ce wadda ya bi 'yan alamun da majiyyaci ya jefo. Daga wannan Moira Stewart da abokan aikinta suka gina hanyar da suka buga a 1986, suka mai da ita littafi a 1995. Gundarinta shi ne, bayan tambayoyin cuta da aka saba, likita ya nemi sanin abu huɗu: me majiyyaci yake tsammani ke damunsa, me yake tsoro, me ciwon ya hana shi yi, me kuma yake fata a yi masa. Daga nan su biyun su nemi matsaya guda a kan magani.

A daidai wannan lokaci rikoda ta fara tona abin da ke faruwa a ɗakin likita. Barbara Korsch ta nazarci ganawa 800 a asibitin yara na Los Angeles a 1968, ta tarar iyaye mata da yawa sun fita ba tare da an taɓo babbar damuwar da ta kawo su ba. A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka saurari ganawa 74, suka ga kashi 23 cikin ɗari kaɗai na majiyyata aka bari suka kai ƙarshen bayaninsu na farko, sauran kuwa an katse su bayan kimanin sakan 18. Da aka sake irin wannan awo a 1999 sai aka sami sakan 23. Uzurin likitoci kullum shi ne in an bar majiyyaci zai wuni yana zuba. Wani bincike da aka yi a birnin Basel na Suwizalan a 2002 ya nuna cewa in an ƙyale shi, a matsakaici sakan 92 yake yi ya tsaya da kansa.

Hanyar jarrabawa ita ma ta samu. Tun 1963 Howard Barrows, likitan jijiyoyi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya fara koya wa lafiyayyun mutane su kwaikwayi majiyyata don a gwada ɗalibai a kansu, aka yi masa dariya da farko. A 1975 Ronald Harden na Sikotilan ya tsara jarrabawa mai tashoshi, ɗalibi yana zagayawa ana duba abin da ya yi a kowace tasha. A 1998 Robert Smith da abokansa na Jami'ar Jihar Michigan suka raba masu neman ƙwarewa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, suka ba kashi guda horon wata ɗaya a kan ganawa da majiyyaci, suka nuna cewa abin yana koyuwa. Hukumomi suka bi sahu. A 1999 hukumar da ke tantance horon ƙwarewa a Amurka ta sa iya magana da majiyyaci cikin ƙwarewa shida da dole kowa ya nuna, a 2001 kuma Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta lissafa sa majiyyaci a gaba cikin manufofi shida na ingantaccen aikin lafiya.

Abin da ranar aiki take koyarwa

Da a ce manhaja ce kaɗai matsalar, da zance ya ƙare a nan. Amma yayin da ake rubuta waɗannan ƙa'idoji, asibitin da ake son a yi aiki da su a ciki yana sauyawa ta wata fuska. A 1983 gwamnatin Amurka ta sake hanyar biyan asibitoci kuɗin jinyar tsofaffi, ta koma biyan ƙayyadadden kuɗi bisa nau'in cuta, ko majiyyaci ya kwana uku ko ya kwana talatin. Nan da nan ribar asibiti ta koma ga saurin sallama. Kwanakin jinya suka ragu, masu shigowa suka ƙaru, waɗanda ke kwance kuma suka zama masu tsananin ciwo. Lokacin nan da almajiran Osler suka samu a banza ya tafi.

A watan Maris na 1984 wata yarinya mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a Asibitin New York 'yan sa'o'i bayan an kwantar da ita da zazzaɓi da karkarwa. Masu neman ƙwarewa biyu ne suka duba ta, ƙaramar cikinsu tana riƙe da majiyyata wajen arba'in a daren. An yi mata allurar fetidin alhali tana shan wani maganin damuwa mai suna fenelzin, wanda ba ya jituwa da ita, da ta rikice kuma aka ba da umurni ta waya a ɗaure ta a gado. Mahaifinta, Sidney Zion, lauya ne kuma ɗan jarida, bai bar maganar ta kwanta ba. Kwamitin da Bertrand Bell ya shugabanta ya ba da shawara, a 1989 Jihar New York ta hana mai neman ƙwarewa wuce awa 80 a mako, a 2003 dokar ta game ƙasar duka. A Ingila iyakar ta sauko zuwa awa 48 a 2009. Shi Bell ya sha nanata cewa rashin sa idon manya ya fi yawan awoyi muhimmanci a abin da ya faru, amma awoyin aka riƙe, domin su ne masu saukin ƙirgawa.

Rage awoyi ya zama dole, ba na jayayya da shi. Sai dai an rage awoyi ba a rage aiki ba, watau an cusa kayan buhu a cikin jaka. Majiyyaci kuma ya koma yana wucewa daga hannu zuwa hannu, kowane likita da ɗan guntun labarinsa. A 2011 aka taƙaita wa 'yan shekarar farko aiki zuwa awa 16 a jere, a 2017 aka janye wannan aka koma 24, bayan wani babban gwaji a sassan fiɗa bai nuna bambanci a lafiyar majiyyata ba. Sa'an nan ga kwamfuta ta shigo. A 2013 Lauren Block da abokanta suka bi 'yan shekarar farko a asibitoci biyu na Baltimore da agogo a hannu, suka tarar kashi 12 cikin ɗari na lokacinsu suke yi tare da majiyyata, kashi 40 a gaban kwamfuta, watau kimanin minti takwas ga kowane majiyyaci a rana. A garin Osler ke nan.

Mu malaman makaranta muna da suna ga wannan. A 1968 Philip Jackson ya yi bayanin ɓoyayyiyar manhaja, watau darussan da yaro yake koya daga tsarin makaranta ba tare da kowa ya rubuta su a allo ba. A 1994 Frederic Hafferty da Ronald Franks suka shigo da ra'ayin cikin ilmin likita. Mai neman ƙwarewa yana zuwa lacca ranar Laraba a ce masa ya bar majiyyaci ya gama magana, ya koma ɗakin majiyyata ya ga wanda ake yabo shi ne wanda ya sallami mutum shida kafin azahar. Ba ya buƙatar a gaya masa wanne darasi ne na gaske. Nazarin da aka yi ta yi a kan 'yan shekarar farko ya nuna tausayinsu yakan ragu tsakanin farkon shekara da ƙarshenta, gajiya da fushi kuwa su ƙaru.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda ya fuskanci wannan gaba da gaba. A 2007 Asibitin Johns Hopkins Bayview ya kafa shirin Aliki, da sunan Aliki Perroti wadda ta ba da kuɗinsa. Aka ware ƙungiya guda ta masu neman ƙwarewa aka rage mata yawan majiyyata da rabi. Lokacin da ya rage aka cika shi da ayyuka ƙayyadaddu: a zauna da majiyyaci a bi magungunansa ɗaya bayan ɗaya a ji wanda yake sha da wanda ya bari da dalili, a yi magana da likitansa na waje, a buga masa waya bayan sallama, a ziyarci wasu a gidajensu. A ziyarar gida ne saurayin likita yake ganin matakalar benen da mai ciwon zuciya zai hau, da kwalaben maganin da ba a buɗe ba saboda tsada. Rahoton 2011 ya nuna masu ciwon gazawar zuciya da wannan ƙungiya ta duba ba su cika dawowa asibiti cikin kwana talatin ba kamar na sauran ƙungiyoyi. Lalle asibiti guda ne, adadin ba shi da yawa, kuma majiyyatan da aka ɗauke wa ƙungiyar sai da aka biya wasu likitoci suka duba su. Kuɗin mai kyauta ne ya sayi lokacin, shi ya sa shirin bai yaɗu kamar yadda laccoci da jarrabawa suka yaɗu ba.

Tun da yake Nijeriya ta gaji wannan tsari na neman ƙwarewa, ta kuma kafa Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa a 1979, ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci a 2018, tarihin ya shafe mu ta wata fuska da su Balint ba su yi fama da ita sosai ba, watau harshe. Likita ya yi karatunsa da Ingilishi, da shi yake rubuta takardar majiyyaci, majiyyacin kuwa da Hausa yake ciwo. In tsohuwa ta ce sanyi ke damunta, ko magidanci ya ce basir, kalmar tana ɗauke da nata bayanin na musabbabi da magani, wanda bai zama lalle ya dace da na littafin likita ba, kuma tambayar farko ta hanyar Western Ontario, me kake tsammani ke damunka, nan take nufa. Har ila yau hanyar an gina ta ne a kan mutum biyu a ɗaki, alhali a asibitocinmu majiyyaci yakan zo da miji ko uba ko yaya, wanda shi ke biyan kuɗin magani, sau da yawa kuma shi ke amsa tambayar da aka yi wa mai ciwon. Duk wanda zai koyar da ita a Zariya ko Kano ko Sakkwato sai ya ƙara mata babi a kan yadda likita zai girmama mai rakiya, ya kuma sami hanyar jin muryar wadda ke kwance.